Tasalla da Dutsen Kokwanto

Tun zamanin da rijiya ɗaya ke shayar da gari guda, an yi wani ƙauye da ake kira Marke Biyu, a cikinsa kuma akwai wata mata mai suna Tasalla. Tasalla Anya ake ce mata, domin ba abin da za ka faɗa a gabanta ba ta karkata kai ta ce, "Anya kuwa?" ba. Ka ce mata hadari ya haɗo, sai ta fito tsakar gida ta duba. Ka ce mata zumar nan ba haɗi, sai ta lasa. Ba raini ba ne, ba kuma neman faɗa ba, haka Allah ya gina zuciyarta. Mijinta Nomau kuwa kamar an zaɓo shi ne don a tsokane ta. Mutum ne mai farar zuciya, wanda in ka ce masa akuyarsa ta yi magana, abin da zai tambaye ka shi ne me ta ce. A haka suka manyanta tare, shi yana gaskatawa ita tana tantancewa, kuma maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba.

Wata shekara rijiyar garin ta ƙafe. Aka ce sai an yashe ta, Nomau ya ce shi zai shiga. Da hantsi aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka zura shi. Can sai masu riƙo suka ji igiyar ta yi sako-sako. Da suka jawo, sai ga ƙullin yana nan yadda aka ƙulla shi, amma babu mutum a ciki. Aka leƙa. Inda ya kamata a ga duhu, sai ga haske yana fitowa daga wata 'yar ƙofa a gindin rijiyar, ana kuma jiyo hayaniya can nesa kamar ta kasuwa.

Aka yi kira har muryoyi suka dushe, shiru. Kwanaki suka wuce, ruwa ya soma tsattsafowa yana hawa. Sai Cindo, wan Nomau, ya yi sallama a gidan ƙanensa ya zauna a bakin tabarma.

Ya ce, "Tasalla, sai haƙuri. Mutanen ɓoye sun ɗauke shi, wanda suka ɗauka kuwa ba ya dawowa. Gobe za a yi masa addu'a, ke kuma ki shiga takaba."

Ta ce, "Yaya, wa ya ga gawarsa?"

"Ba wanda ya gani."

"To anya kuwa ya mutu?"

Cindo ya ce, "Ke kina da tabbacin yana da rai?"

"Ba ni da shi. Amma kai ma ba ka da tabbacin ya mutu. Ruwa na hawowa, Yaya. In ya rufe ƙofar nan muna zaune, mu muka rufe shi da hannunmu."

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗaure zaninta tamau, ta yafa gyale, ta nufi rijiya. Mazan garin kunya ta hana su kallon juna, sai suka kama mata igiya. Ta yi bismilla, aka zura ta. Ruwan ya kai mata gwiwa, ta sunkuya ta kutsa cikin 'yar ƙofar, ƙofar kuma ta rufe a bayanta kamar ba a taɓa yin ta ba.

Sai ga ta a tsakiyar wata kasuwa. Rumfunan ba su taɓa ƙasa ba, a rataye suke da igiyoyin da ba a ganin inda aka ɗaure su. Masu ciniki wasu dogaye ne kamar giginya, wasu ba su kai turmi ba. Hajar kowa iri ɗaya ce, ƙwarya rufe da faifai. Wata dillaliya mai idanu a tafin hannuwa ta tare ta, ta ɗaga hannu biyu tana dubanta.

Ta ce, "Maraba da 'yar Adam mai tafe da tambaya a baki. Nan ce Kasuwar Tabbas. Ba wanda ke shigowa da tambaya ya fita da ita. Faɗi taki."

Tasalla ta durƙusa ta gaishe ta, domin ko a ƙasar aljanu gaisuwa ba ta ɓata wa mutum tafiya. Ta ce, "Ranki ya daɗe, mijina nake nema, Nomau na Marke Biyu."

Dillaliya ta ɗage faifai. A cikin ƙwaryar sai ga Nomau kwance a gindin wata bishiya, idanu a kafe, ƙudaje na bin bakinsa. Gaban Tasalla ya yanke ya faɗi. Matar nan tana son mijinta, so irin wanda ba a faɗa da baki, kuma abin da ta gani ya soke ta har ƙashi. Kafin ta yi kuka, wani gajeren aljani mai gemu har ƙasa ya ja gyalenta ya buɗe tasa ƙwaryar. Sai ga Nomau a kan kilishin sarauta, da alkyabba, ana yi masa fifita, yana ta dariya.

Tasalla ta goge ido. Ta dubi wannan ta dubi waccan, ta ce, "Mutum ɗaya, gawa da sarauta a rana guda? Wacce ce gaskiya?"

Dillaliya ta ce, "Wadda kika saya. Ki bar mana kalmar nan da ke kan harshenki, ki shanye ƙwarya ɗaya, abin da ke ciki zai zauna daram a zuciyarki har ki mutu. Ba za ki ƙara kwana da tambaya ba."

"Shi kuma Maigida fa? Zai dawo?"

"Ba mu sayar da wannan. Kwanciyar hankali muke sayarwa."

Tasalla ta ce, "A gafarce ni, ba hankalina ne ya ɓata ba, mijina ne. A nuna mini hanyar da ya bi."

'Yan kasuwar suka dubi juna, domin an daɗe ba a ƙi hajarsu ba. Dillaliya ta sauke hannuwa ta ce, "Ƙofar da kika shigo ta shiga ce kawai. Ta fita tana hayin Kadarko, can duk wanda ya faɗo ƙasar nan yake nufa. Mijinki bai sayi komai ba, domin shi ya ga ya riga ya san komai. Bi gabas."

Ta bi gabas. Ta ratsa wata gonar dawa da zangarniyoyinta ke sunkuyawa suna gaishe ta da sunanta, ta amsa ba ta tsaya ba. Ta ƙetare wani kogin rairayi mai gudu yana hawa tudu. Wasu tsuntsaye masu muryar 'yan'uwanta suka bi ta suna cewa ta juyo an ga Nomau a gida, ta ce musu su gaishe shi. Inda lokacin salla ya riske ta, sai ta yi taimama ta yi, ta ci gaba. A haka ta iso wani kurmi mai sanyi, ƙafafunta sun yi tsami, ta zauna a inuwa don ta huta.

Sai ta ji an ce, "Sannu da hanya, 'yata."

Ta ɗaga kai. Bishiyar da ta jingina da ita fuska ce da ita, ta wani dattijo mai sanƙo. Daga ƙirji zuwa ƙasa duk ya zama itace. Ta duba sauran bishiyoyin, kowace da fuskar mutum, wasu har ɓawo ya rufe musu baki.

Dattijon ya ce, "Kada ki tsorata. Sunana Barmo, ɗan Adam ne ni kamarki. Ƙanena na biyo. Da na iso nan aka ce mini Kadarko na gaba, sai na ce bari in zauna in tabbatar tukuna. Wa ya ce miki gabas ce hanya?"

"Dillaliyar kasuwa, Baba."

"Mai sayar da ƙarya a ƙwarya? Anya kuwa?"

Tasalla ta ji wani sanyi a ranta. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin kalmarta a bakin wani ba. Hira ta ɓarke. Barmo ya kawo shakka a kan hanya, ta kawo a kan Kadarkon kansa. Wata bishiya ta ce ƙila ma ba Nomau ne ya shiga rijiyar ba, wata ta ce ƙila ma ba a yi rijiyar ba. Kowace magana da hujjarta, kuma hujjojin ba na banza ba ne. Tasalla ta sami mutanenta, har ta manta da gajiya. Ba ta farga ba sai da ta ji tafin ƙafarta na ƙaiƙayi. Ta yunƙura ta sosa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Wasu fararen saiwoyi sirara sun fito daga dugaduganta sun nutse cikin ƙasa.

Ta yi salati, ta kama ƙafar da hannu biyu ta fizge. Saiwoyin suka tsinke, jini ya biyo. Ta fizge ɗayar ma ta miƙe tana layi.

Barmo ya ce, "Ina za ki? Kin tabbata hanyar ce?"

"Ban tabbata ba, Baba."

"To don me za ki tafi?"

Ta ce, "Don ko na zauna ba tabbas zan samu ba, saiwa zan samu. Duk abin da kuka faɗa zai iya zama gaskiya. Amma Maigida ba ya cikin kurmin nan."

Ta tafi tana ɗingishi. Tausayinsu ya kama ta ƙwarai, domin ta san tsakaninta da su bai wuce zama ɗaya ba.

Bayan kurmin ƙasa ta yanke. Wani kwazazzabo ne ya buɗe baki, ba a ganin ƙarshen zurfinsa, iska na tasowa daga ciki tana kuwwa. An gitta masa kututturen giginya guda ɗaya tal, mai tsawon da da ƙyar ake hango ɗaya gefen. Wannan shi ne Kadarko. A sama da shi, can cikin iska, mutane ne birjik suna shawagi kamar audugar rimi, kowa da murmushi. A bakin Kadarkon kuma ga tsibin duwatsu manya da ƙanana, kusa da tsibin wani ƙaton aljani na zaune, fuskarsa a shafe kamar bayan ƙwarya in ban da baki.

Tasalla ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, Mai Kadarko. Baƙuwa ce, mijina nake nema."

Ya ce, "Matso, 'yar Adam. Ba a hawa sai an fito da abin da ke cikin ƙirji."

Ya miƙa yatsu biyu kusa da ƙirjinta bai taɓa ta ba, ya ja kamar mai zare ƙaya. Ta ji wani abu ya kwance daga zuciyarta, sai ga dutse ya faɗo gabanta tim, girmansa ya kai dutsen niƙa.

Ya ce, "Kokwantonki ke nan. Na daɗe ban ga irinsa ba. Na mijinki bai fi ƙwayar aya ba."

"Ya zo nan ke nan. Ina yake?"

Aljanin ya nuna sama. Ta ɗaga kai ta yi ta dube-dube, can ta hango riga mai launin ƙasa da ɗan guntun gemu, a daidai tsakiyar Kadarko. Ta dafe ƙirji.

Mai Kadarko ya ce, "Saurara. Iskar nan takan ɗauki mutum ta yi ta lasarsa har ya ƙare. In ya ƙare, sai ta ari fuskarsa da muryarsa da duk abin da ya sani, ta ci gaba da yawo da su. Wanda ya kama hannun irin wannan, ya kama iska."

"Ta yaya zan gane ko shi ne ko ita ce?"

"Ba a ba ni wannan ba."

"To ta yaya ake ƙetarewa?"

Ya ce, "Magana ɗaya aka ba ni a kan Kadarkon nan, ita nake faɗa wa kowa. Wanda ya yarda kokwantonsa zai riƙe shi."

To ga inda matsalar take. Mu 'yan Adam in za mu ce mutum ya yarda, wato ya amince, daban murya take fita da in za mu ce ya yar da abu, wato ya jefar. Kuma mukan ɗan numfasa a inda magana ta rabu. Muryar Mai Kadarko kuwa a miƙe take kamar taɓarya, ba hawa, ba sauka, ba numfashi. Duk wanda ya zo, abin da kunnensa ke jiyo masa shi ne, wanda ya yar da kokwantonsa, Kadarko zai riƙe shi. Sai ya yi wurgi da dutsensa kan tsibi ya hau da gaba gaɗi. Haka Nomau ya yi, ba ko tantama.

Tasalla ma haka ta fara ji. Har ta sunkuya za ta mirgina dutsen, sai hali ya motsa. Ta dubi tsibin duwatsu, ga su nan ba iyaka. Ta ƙura ido hayin Kadarko, ta ga hanyar can ciyawa ta cinye ta, ba alamar sawu. Ta dubi masu shawagi. Ta karkata kai.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a maimaita mini."

Ya maimaita, yadda ya faɗa da farko.

Ta juya maganar a bakinta a hankali. "Wanda ya yar da kokwantonsa, zai riƙe shi." Ta sake juyawa. "Wanda ya yarda, kokwantonsa zai riƙe shi." Ta ɗago ta ce, "Wacce ce daga ciki? Jefarwa ko amincewa?"

"An ba ni maganar, ba a ba ni muryarta ba."

"An taɓa yin wanda ya hau da dutsensa?"

"An yi."

"Ya ƙetare?"

"Ni nan gefen nake tsaro."

Ta leƙa kwazazzabon. In ma akwai waɗanda nauyin dutse ya jefa ciki, ba za ta gan su ba. Ƙila fassararta daidai ce, ƙila kuma wayonta ne zai kashe ta. Tana cikin wannan saƙe-saƙe ta ji dugaduganta sun soma ƙaiƙayi. Ta san ma'anar wannan. Sai ta cire gyalenta ta naɗe shi ta yi gammo, ta ɗora a ka.

Ta ce, "Ban sani ba ko daidai na ji. Amma na zaɓa, kuma na yarda. Ranka ya daɗe, taya ni ɗauka."

Aljanin ya yi mamaki. Tunda aka ajiye shi a wurin ba a taɓa roƙonsa wannan ba. Ya miƙe, ya kama gefe ta kama gefe, suka ɗora. Wuyanta ya yi ƙara. Ta yi bismilla ta taka Kadarko.

Iska ta taso mata kamar da gayya. Ta bugo ta dama, ta bugo ta hagu, ta shiga ƙarƙashin zaninta tana neman ɗaga ta. Ko gezau. Dutsen ya danne ta a kan kututturen, kowane taku ya zauna daram. Mace ce da ta yi rayuwarta tana ɗauko tulu daga rijiya, ta san kaya a ka ba ya son gaggawa, ba ya kuma son tsayuwa. Ta miƙe wuya, ta kafa ido gaba, tana ajiye ƙafa bayan ƙafa, jini na bin sawunta. Ni dai da za a ce in nuna jarumi, matar nan zan nuna, tana tafe tsoro fal cikinta.

Masu shawagi suka yi ta wucewa ta samanta suna kiranta. "Yar da shi ki huta, baiwar Allah. Mu mun iso tuni." Ta ci gaba da takunta har ta kai tsakiya. Ga Nomau nan sama da ita, hannu ba zai kai ba. Ya rame, har ana ganin hasken rana ta cikin rigarsa, amma fuskarsa fes da murna.

Ta ce, "Maigida."

Ya dubo ta ya ce, "A'a, Tasalla, kin dawo daga rijiya? Sauke tulun mana, ki zo ki zauna. Ga inuwa."

"Ina kake nan, Maigida?"

"Ina kuwa in ba gida ba? Ga rumbu, ga turken akuya."

Ta tambaye shi sunan mahaifiyarsa, ya faɗa. Ta tambaye shi abin da ya ce mata ranar da suka binne ɗansu na fari, ya faɗa kalma da kalma, har idonta ya cika. Amma ta tuna iska ma za ta san wannan. Ba tambayar da za ta raba mata gardama. Wuyanta kuma ya soma rawa, ba za ta iya daɗewa a tsaye ba.

Ta ce, "Maigida, tunda muke ban taɓa roƙonka ka yi shakkar komai ba. Yau ina roƙonka. In a gida kake, ina ƙasar da kake zaune a kai? Dubi ƙarƙashinka."

Ya yi dariya, ya sunkuyar da kai don ya faranta mata. Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon ramin da ba shi da ƙarshe. Sannan a hankali, kamar mai ɗanɗana abincin da bai saba ba, ya ce, "Anya kuwa gida ne nan?"

Yana rufe baki nauyi ya shige shi, ya sulmiyo ƙasa. Ba kan Kadarko ya nufo ba, gefe ya nufa, wajen ramin. Hannuwan Tasalla biyu suna riƙe da dutse. In ta saki, ƙila dutsen ya faɗi iska ta ɗauke ta. In ta kama hannun nan, ƙila iska ce ta kama. Ba ta da lokacin tantancewa, kuma ko da tana da shi ba abin da zai ƙara mata. Ta saki dutsen ya zauna a kan gammo shi kaɗai, ta miƙa hannu biyu ta cafke wuyan hannunsa.

Hannun sanyi ƙalau, kamar randa da asuba. Zuciyarta ta ce, wannan ba mutum ba ne. Tana faɗin haka a ranta dutsen ya ƙara nauyi, ya danna ƙafafunta cikin kututturen har sai da itacen ya yi ƙara. Nauyin nan ne ya hana su tafiya ramin su biyu. Ta cije leɓe ta ja, ta ja, har ya kamo Kadarko da ɗaya hannun ya hau. Ta sa shi gaba, ya juyo ya riƙe bakin zaninta yana ja da baya tana bin sa, suka lallaɓa har suka taka ƙasa.

A hayin akwai wata tsohuwar aljana zaune a bakin wata ƙofa, ciyawa ta tsiro har kan cinyarta saboda daɗewa ba baƙo. Ta tashi ta sauke wa Tasalla dutsen, ta shafa shi, ya narke ya koma ƙirjin mai shi.

Ta ce, "Sannu, 'yar Adam. Naki ne, da shi za ki koma."

Tasalla ta ce, "Kaka, tambaya ɗaya. Wannan da na kamo, mijina ne ko iska ce?"

Tsohuwa ta ce, "Amsar nan ba ta ƙasarmu, ba ta kuma ƙasarku. Mai sani ɗaya ne, bai kuwa aiko ni da ita ba. Abin da zan iya gaya miki, in iska ce, wata rana za ta tafi ta bar ki ba sallama."

"In kuma shi ne fa?"

"Shi ma wata rana zai tafi ya bar ki, ko ke ki bar shi. Kina iya ajiye shi a nan ki wuce ke kaɗai, ba mai ganin laifinki."

Nomau na tsaye yana rawar sanyi. Ya ce, "Tasalla, ni kaina ban san ko ni ne ba. In kin bar ni ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta warware gammonta ta yafa masa a kafaɗa, ta ce, "Wuce mu tafi, Maigida. Kaka, a buɗe mana."

Suka fito ta kogon wata tsohuwar kuka a bayan Marke Biyu, rana tsaka. Gari ya ruɗe. Da Cindo ya ji yadda aka yi, sai ya ce a gwada shi. Aka yi masa hayaƙi, ya yi tari kamar kowa. Aka yi masa tofi, ya shafa ya ce amin. Wasu suka ce shi ne, wasu suka ce ai iskar ma za ta iya haka. Akwai waɗanda har suka mutu ba su ƙara cin abinci a akushi ɗaya da shi ba. Tafin hannunsa kuwa bai sake yin ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara.

Tasalla ba ta taɓa cewa kowa ta tabbata ba, don ba ta iya ƙarya. Wani lokaci in guguwa ta taso yana gona, sai a gan ta a ƙofar gida tana kallon hanya har sai ya ɓullo. Amma ta dafa masa, ta yi jinyarsa, ta yi masa faɗa, ta yi dariya da shi, shekara da shekaru, har gashin kansu ya yi fari fat.

Sannan wata rana da damina Nomau ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Aka yi masa wanka aka kai shi. Da masu jana'iza suka dawo, ɗan Cindo, wanda yanzu shi ma magidanci ne kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya shigo ya durƙusa gaban Tasalla. Ya rage murya.

Ya ce, "Inna, ni na ɗauki gaban makarar tun daga gida har kushewa. Iska ba ta da nauyi, mutum kuwa yana da shi. In gaya miki abin da kafaɗata ta ji?"

Tasalla ta ɗago ta dube shi. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

Ta ce, "Riƙe abinka, ɗana. Da nauyi ko babu, mijina kuka kai."